FASHIN BAƘI: Canjin giyar otomatik a garejin unguwa: Abin da mai mota a Gusau, Tsafe da Bungudu ya kamata ya sani

Babbar hanyar da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa, ta shigo Zamfara ta iyakar Yankara, ta bi ta Tsafe da Kwatarkwashi ta isa Gusau, sannan ta wuce Bungudu da Maru da Talata Mafara ta nufi Sakkwato, ita ce jijiyar wannan jiha. Ta nan hatsi ke fita, ta nan man fetur da magunguna ke shigowa, ta nan kuma ma'aikata da ɗalibai da marasa lafiya ke kai da komo. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tare ta, musamman a yankin Tsafe, inda sunayen garuruwa irin su Wanzamai da Kucheri da Magazu suka yi ta fitowa a labaran garkuwa da mutane. A watan Afrilun 2024 gwamnatin jihar ta kai ga hana zirga-zirga a iyakokin Yankara da Bimasa daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe.

A kan irin wannan hanya, motar da ta tsaya cak tana iya jawo wa mai ita da fasinjojinsa abin da ya fi asarar kuɗi. Kuma a cikin duk matsalolin da ke tsayar da mota, ta giyar otomatik na daga cikin masu wuyar sha'ani. Mota mai giyar hannu idan batirinta ya mutu ana tura ta ta tashi, idan kulocinta ya ci ƙwararren direba na iya lallaɓa ta zuwa gari. Mai otomatik ba a tura ta ta tashi, idan kuma giyarta ta daina ja, sai a jira janwe.

Mafi yawan wannan aiki na canjin giya a Zamfara ba a babban kamfani ake yin sa ba. Ana yin sa ne a garejin unguwa, a ƙarƙashin bishiya ko rumfar kwano, wani lokaci ma a ƙofar gidan mai motar. Wannan bayani ya duba yadda giyar ke aiki, abin da ke kashe ta, dalilin tsadarta, yadda ake canza ta daidai, da kuma haƙƙin da mai mota ke da shi idan aka yi masa gyaran gangar auzinawa.

Yadda giyar otomatik ke aiki

Injin mota yana juyawa ne da sauri mai yawa, tayoyi kuwa suna buƙatar ƙarfi mai yawa lokacin tashi, da gudu mai yawa idan an miƙe hanya. Aikin akwatin giya shi ne daidaita tsakanin waɗannan biyu. A mota mai giyar hannu, direba ne ke yin wannan da ƙafarsa da hannunsa. A mai otomatik kuwa, mai ne ke yin aikin a ƙarƙashin matsi, kwamfutar mota na ba shi umarni.

Sassa biyar ne ginshiƙanta. Na farko shi ne kwambata, wani ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu da aka kife aka like, cike da mai. A cikinsa akwai fanka biyu suna fuskantar juna: injin na juya ɗaya, ita kuma tana watsa mai da ƙarfi ya juya ɗayar. Shi ya sa mota ke iya tsayawa a kan burki tana cikin giya ba tare da injin ya mutu ba. Na biyu shi ne famfon mai, wanda ke aiki kawai idan injin yana kunne. Na uku su ne haƙoran giya da ke zagaye juna. Na huɗu su ne faifan kuloci masu siririn shafi, waɗanda kanikawa ke kira faiba, su ne ke kamawa da saki domin a sauya daga wata giya zuwa wata. Na biyar shi ne gidan bawul, wani faranti mai ƙananan hanyoyi kamar gidan tururuwa, inda 'yan maɓallan lantarki ke buɗe wa mai hanya ko su rufe.

Abin lura a nan shi ne man giya yana ayyuka huɗu a lokaci guda: yana isar da ƙarfin injin, yana matsa faiba, yana sa santsi, yana kuma kwashe zafi. Daga giyar yake fita ta bututu ya bi ta cikin lagireto ya huce ya dawo. Duk abin da ya taɓa lafiyar man, ko yawansa, ko sanyayarsa, ya taɓa rayuwar giyar baki ɗaya.

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da irin wannan giya da yawa, a motocin Oldsmobile na shekarar 1940, da sunan Hydra-Matic. Yau akwai wasu nau'o'in, ciki har da CVT, wadda ke amfani da bel na ƙarfe tsakanin gargare biyu maimakon haƙora. Da ita yawancin motocin Nissan na baya-bayan nan ke zuwa, haka ma akasarin Corolla ƙirar Amurka daga 2014.

Yadda ta cika titunan Arewa

A shekarun da Peugeot 504 da 505 ke mulkin hanya, bayan buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, giyar hannu kusan kowa ya sani, kuma a kanta manyan kanikawan Arewa suka koyi sana'a. Abin ya sauya ne da durƙushewar masana'antun harhaɗa motoci da kwararowar motocin gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, saboda tashar jiragen ruwa ta Kwatano da suke sauka da ta Antwerp da yawancinsu ke tasowa. Daga baya kasuwar ta karkata zuwa Amurka da Kanada, inda kusan duk motar gida mai otomatik ce. Da haka Corolla da Camry da Accord da Highlander suka cika gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, yayin da motocin haya irin su Golf da Sharan da Hiace suka fi zama a kan giyar hannu.

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Ma'anar wannan a ƙasa ita ce, motar da matashi ke ɗokin saya a Gusau ta riga ta cinye mafi kyawun shekarunta a wata ƙasa. Wasu ma da cutarsu suka baro masana'anta. A 2004 kamfanin Honda ya kira motoci sama da miliyan ɗaya a Amurka domin gyara matsalar zafi a giya ta biyu, ciki har da Accord mai silinda shida. Kamfanin Nissan kuma ya ninka wa'adin garantin giyar CVT a motocinsa na 2003 zuwa 2010. Irin wannan gata ba ya biyo mota zuwa Tsafe.

Abin da ke kashe ta a Zamfara

Babban makashinta zafi ne. Man giya ya fi jin daɗin aiki a tsakanin digiri 80 zuwa 95, idan ya zarce haka sosai sai ya fara ƙonewa, robobin ciki su bushe, faiba ta fara zamewa. A bazarar Zamfara, tsakanin Maris da Mayu, zafin gari kansa yana haura digiri 40. Idan aka haɗa da lodin da ya wuce kima, da gudun da direba ke yi don ya wuce wuri mai haɗari kafin la'asar, da dogon layi a shingen bincike, giyar na aiki ne a bakin iyakarta.

Na biyu shi ne man da bai dace ba. Har yanzu akwai masu ɗaukar cewa duk jan mai man giya ne. Ba haka ba ne. Tsofaffin Toyota da yawa na amfani da T-IV, na baya kuma WS. Honda na da nata, Z1 a da, DW-1 a yanzu. Giyar CVT ta Nissan na buƙatar NS-2 ko NS-3, kuma zuba mata man otomatik na gama-gari na iya hallaka ta. Ga kuma jabun mai da ake ɗurawa a robar da ta yi kama da ta asali, abin da Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta daɗe tana kamawa a kasuwanni.

Na uku shi ne lagireto. Al'adar zuba masa ruwan rijiya ko na famfo zalla, maimakon ruwan sanyaya inji, tana sa tsatsa ta ci shi ta ciki. Ranar da bututun man giya da ke cikinsa ya huje, ruwa ya gauraya da mai, sai man ya koma kamar kunun da aka zuba wa madara, faiba kuma ta saɓule. Ruwan damina ma na yin irin wannan ɓarna idan aka kutsa da mota cikin kududdufi mai zurfi.

Na huɗu halin tuƙi ne. Jefa mota a ribas tana kan tafiya gaba, da murza totur idan ta kafe a yashi ko taɓo, duk suna cin faiba. Tun bayan tsadar fetur wasu direbobi sun ɗauki ɗabi'ar sa mota a firi a gangare, har da kashe injin, alhali da zarar injin ya mutu famfon mai ya tsaya, ƙarfin burki da sitiyari ma ya ragu. Wannan dalili ne ya sa jan mota mai otomatik da igiya tsawon tafiya, tayoyin da ke ja suna ƙasa, ke ƙarasa giyar da watakila ƙaramin gyara take buƙata. Wanda motarsa ta mutu a Kwatarkwashi aka jawo ta haka har Gusau, yana iya isa da ɓarnar da ta fi wadda ya baro da ita.

Kafin a kwance ko noti ɗaya

Alamomin ciwon giya sanannu ne: jinkirin shiga idan an sa ta a D ko R, injin ya yi ta ƙara mota ba ta ƙara gudu, bugu lokacin sauyi, maƙalewa a giya ɗaya, ƙaurin mai, ko jan mai yana ɗiga a inda aka kwana. Sai dai ba kowace alama ke nufin giya ta mutu ba. Ƙarancin mai, ko toshewar filta, ko lalacewar na'urar auna gudu, ko wayar da ɓera ya ci, ko ma raunin batir, duk suna iya kawo irin waɗannan alamomi.

Don haka matakin farko shi ne gwajin kwamfuta. Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar karanta matsala. Lambobin da suka fara da P07 galibi na giya ne. Mataki na biyu shi ne duba man: yawansa, launinsa, warinsa. Mai lafiya ja ne garai, wanda ya ƙone baƙi ne mai ƙauri. Na uku shi ne sauke farantin ƙasa a ga abin da ya taru a ciki. Ɗan laushin baƙin gari a jikin maganaɗisu ba abin damuwa ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe ko gutsattsarin faiba su ne ke nuna ɓarna ta yi nisa.

Makaniken da ya yanke hukuncin a canza giya daga jin ƙarar mota kawai, ba gwaji ba dubawa, yana iya sa mutum ya sayar da gona saboda matsalar waya ɗaya.

Zaɓi uku

Idan ta tabbata giya ta lalace, hanyoyi uku ne. Na farko a buɗe ta a sauya faiba da robobi da filta. Wannan aiki ne na tsafta, domin ƙwayar yashi ɗaya na iya maƙale bawul, kuma filin da iskar hunturu ke kaɗawa ba wurinsa ba ne. Masu yin sa da kyau ba su da yawa, kuma sau da yawa sai an dangana da Kano ko Kaduna ko Abuja.

Na biyu a sayo giyar gwanjo a ɗora, kuma shi ne aka fi yi. Na uku a mayar da motar mai giyar hannu, abin da wasu ke zaɓa saboda tsaro da sauƙin gyara. Wannan ya haɗa da sauya feda, da sandar giya, da faifan bayan injin, da wayoyi, wani lokaci har da kwamfutar motar. Idan aka yi shi rabi da rabi, fitilar gargaɗi ba za ta daina ci ba, shan mai na iya ƙaruwa, darajar motar kuma ta faɗi ranar sayarwa.

Inda giyar ke fitowa da dalilin tsadarta

Giyar gwanjo ana ciro ta ne daga motar da ta yi haɗari ko aka daina amfani da ita a Amurka, Turai ko Japan, wasu kuma ta Sharjah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suke biyowa. Daga tashar jiragen ruwa ta Legas sai kasuwar Ladipo, sai manyan kasuwannin kayan gyara irin su Nnewi, da Apo a Abuja, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, kafin ta iso shagon ɗan kasuwa a Gusau. Mai mota a Tsafe ko Bungudu shi ne na ƙarshe a wannan layi, kuma kowane hannu da kayan ya ratsa ya ɗora ribarsa da kuɗin mota.

Manufofin gwamnati sun taka rawa a kowane mataki. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa tsohuwar hanyar Kwatano zuwa Nijar zuwa Illela da Jibiya. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin, sai a Disamban 2020 aka fara buɗe wasu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar ƙasashen biyu har zuwa Maris na 2024.

Mafi girman tasiri ya zo ne a 2023. A ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Lissafin a fili yake: kayan dala 500 da ke daidai da naira 230,000 ya koma naira 750,000, kafin a sa kuɗin kwastan da na dako. Sakamakon haka, mutane sun rage sayen mota sun koma lallaɓa tsohuwa, buƙatar kayan gyara ta ƙaru, tare da ita kuma ha'inci ya samu kasuwa. Mafi shahara shi ne a ɗauki giyar da ta gama aiki a Najeriya, a wanke ta tas, a sayar da ita da sunan 'yar Beljiyam. Tunda ba a ganin cikinta, sayen giyar gwanjo cinikin biri a sama ne sai mutum ya yi taka-tsantsan.

Abin da ake dubawa wajen saye

Sunan mota kaɗai bai isa ba. Camry mai silinda huɗu ƙirar Amurka ta 2004 giya huɗu gare ta, ta 2005 kuma biyar, duk da cewa jikinsu kusan ɗaya ne. Giyar RAV4 ko Highlander mai jan taya huɗu daban take da ta mai jan biyu. A motocin Toyota, lambar giya na rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, kuma lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 na tabbatar da shekara da ƙasar da aka ƙera wa motar. Ya kamata a ajiye tsohuwar da sabuwar gefe da gefe, a gwada soket da yawan filoginsa, da ramukan noti, da mazaunin shaf.

Sai a duba ragowar man da ke ciki, a ga ko ya ƙone ko akwai alamar ruwa. A duba kan notina ko sun sha sifana, da gefen murfi ko an shafa gam, alamun cewa an taɓa buɗe ta. A tabbatar ta zo da kwambatanta. A ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, da lambar da ke jikin giyar, da kwanakin gwajin da aka amince, tare da sharaɗin cewa kwanakin za su fara ne daga ranar da aka ɗora ta. Rasit ɗin kariya ce kuma idan wata rana aka ce kayan na motar sata ne.

Yadda ake aikin daidai

Giyar ƙaramar mota tana kai nauyin kilo 70 zuwa 100. Wannan ya sa matakin farko na kare rai ne. A yi aikin a kan daɓe mai ƙarfi, a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, a tokare tayoyin baya. Jak kaɗai, ko bulo, ko tarin duwatsu a kan yashi, ba abin da yaro ɗan koyo zai shiga ƙarƙashinsa ba ne. Sau da yawa shi ake turawa ciki.

Ana fara cire kan batir, a tsiyaye man, a cire wayoyi da igiyar sandar giya da bututun lagireto, a yi wa kowanne alama. A mota mai jan gaba ana cire tayoyi da shaf biyu da kik. Sai a tallafe injin daga sama ko ƙasa, domin da zarar an kwance mazaunin giya ba abin da ke riƙe da gefensa. Kafin a raba giya da injin, dole a kwance notinan da suka haɗa kwambata da faifan bayan injin, ta yadda kwambatan zai fito tare da giyar.

Kafin ɗora sabuwar akwai ayyuka uku da gaggawa ke sa a tsallake, kuma su ne kan kashe ta cikin makonni. Na ɗaya, wanke bututu da hanyar mai da ke cikin lagireto, ko sauya lagireton ɗungurungum, domin dattin tsohuwar giya na nan a maƙale yana jiran sabuwa. Na biyu, sauya robobin hana yoyo na bakin kwambata da na shaf, da na bayan injin idan yana tsattsafo, tunda yanzu ne ake iya kai musu hannu. Na uku, zaunar da kwambata. Ana zuba masa ɗan mai, a tura shi ana juyawa a hankali har ya shige mataki-mataki ya kama famfo. Idan bai zauna ba, giya ba za ta manne da injin ba, kuma makaniken da ya jawo ta da ƙarfin noti ya fasa famfon tun kafin a tayar da mota. Daga nan ake samun rigimar da mai shago ke cewa laifin makanike ne, makanike na cewa mataccen kaya aka ba shi.

Bayan an ɗaure komai sai a zuba man da littafin motar ya ambata. Ƙaramar mota kan ci lita 6 zuwa 9 idan giyar ta zo a bushe. Yadda ake auna shi ya bambanta: a yawancin Toyota ana dubawa injin na kunne ya yi zafi, a Honda kuwa ana kashe injin a duba nan take. Sababbin motoci da dama ba su da sandar awo, sai ta wani noti na musamman a wani mizanin zafi. Cika mai fiye da kima yana sa shi kumfa, illarsa kuma daidai take da ta ƙaranci. Daga nan sai a goge tsofaffin lambobin matsala a kwamfuta, a tabbatar mota ba ta tashi sai a P ko N, a gwada ta a cikin gari har ta shiga kowace giya tana da zafi, a sake leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Hikima ita ce a yi kwanaki ana zagaya Gusau da ita kafin a ɗauki iyali a nufi Funtuwa.

Tsohon man kuma a tara shi a jarka. Zubar da shi a kwata ko a ƙasa yana kai shi rijiyoyin unguwa.

Haƙƙin mai mota

Rubutun da wasu shaguna ke yi cewa kayan da aka saya ba a dawo da shi ba ya fin doka ƙarfi. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa Hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci da ya dace da abin da aka saye shi dominsa, da haƙƙin mayar da mai aibu, da kuma haƙƙin samun aiki mai kyau daga wanda aka biya. Wanda aka gaya wa gaskiyar halin kaya ya saya da saninsa, hujjarsa na da rauni. Wanda aka sayar wa na gida da sunan na waje kuwa, an yaudare shi ne.

A Zamfara, wadda ta fara faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, akwai wata ƙofar. Fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye damar mayar da kaya saboda aibun da aka ɓoye masa, ya kuma ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka damƙa masa idan suka salwanta ko suka lalace a hannunsa, sai in ya kawo hujja. Kafin a kai ga kotu, shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA da na 'yan kasuwar kayan gyara kan sasanta irin wannan rikici. A kowane zaure aka je, abin da za a fara tambaya shi ne rasit da shaidu. Yana da kyau kuma a san cewa inshorar dole ta naira 15,000 da masu motocin gida ke biya tun Janairun 2023 ba ta ɗaukar lalacewar giya, ɓarnar da aka yi wa wani kawai take biya.

Giɓin da ya rage wa hukumomi

Makaniken Gusau ko Bungudu ya koyi sana'arsa ne a hannun ubangidansa, wanda shi ma ya koya a kan Peugeot da Golf. Motocin da ake kawo masa yau kwamfuta ke tafiyar da su, amma ba kowane makanike ne ya samu horo ko rancen sayen na'urar gwaji da jak na giya ba. Akwai Hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar motoci, da Asusun ITF na horar da ma'aikata, da Hukumar NBTE mai tsara shaidar ƙwarewar sana'a. A cikin jihar akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara. Abin da matasa masu bibiyar kasafin kuɗi za su iya tambayar gwamnatin Dauda Lawal da wakilansu a majalisa shi ne: kanikawa nawa aka horar a kan motocin zamani, ina kayan aikin suke, wa ke binciken man giyar da ke kasuwa, kuma motar janwe nawa ke aiki tsakanin Yankara da Gusau.

Kafin a samu amsa, nauyin na kan mai mota. Ya sa a gwada kafin a kwance, ya sayi giyar da lambarta ta dace, ya karɓi rasit, ya sayo man da hannunsa daga wurin da ya amince, ya tsaya a wanke lagireto a gabansa, kuma kada ya hau babbar hanya sai motar ta nuna lafiyarta a cikin gari.